Wai lokaci ma yana da launin fata?

Abu Hanan: Assalamu alaikum jama'a. Tun jiya raina a ɓace yake. A ajinmu na digiri na biyu malami ya kunna mana jawabin wata farfesa 'yar Amurka, Brittney Cooper, da ta yi a dandalin TED a 2016, inda ta ce da lokaci yana da launi da fari ne, wai fararen fata ne suka mallaki lokaci. Malamin kuma ya ɗora nasa, wai kiyaye lokaci ɗabi'ar Turawa ce da aka ƙaƙaba wa sauran duniya. Ni da ban taɓa makara a ajinsa ba, sai na ji kamar an ce aron hali nake yi. Na ɗaga hannu har ya gaji, bai kula ni ba. Don Allah wannan ilimi ne ko cin fuska?

Malam Mai Alƙalami: Wa alaikumus salam. Subhanallah! Mallaka? Ɗan'uwa, nan ya kamata ka tsaya. Wane mahaluƙi ne ya mallaki lokaci? A Sahih Muslim an hana zagin zamani, domin Allah ne mai jujjuya dare da yini. Wanda bai san ranar mutuwarsa ba ya za a yi ya mallaki daƙiƙa ɗaya?

Maman Sadiq: Allah gafarta Malam, ba irin wannan mallakar take nufi ba. Na saurari jawabin. Maganar iko take yi: wa ke yanke lokacin da za a ba mutum haƙƙinsa, wa ake cewa ya ƙara haƙuri. Baƙar fatan Amurka an haramta bautar da su a 1865, amma dokar da ta kare musu ƙuri'a sai 1965. Shekara ɗari cur ana ce musu su jira.

Malam Mai Alƙalami: Hajiya, to ta ce iko mana. Kalma tana da nauyi. Wanda ya ce mallaka ya ce mallaka.

Ɗan Lissafi: Ai ko iko ma da sauran magana. Ikon ai na jirgin ƙasa ne. Da can kowane gari a Ingila da agogonsa, gwargwadon tsayuwar rana a kansa. Kamfanonin jirgin ƙasa ne suka matsa aka koma agogon Landan, doka ta tabbatar a 1880. A 1884 ƙasashe 25 suka zauna a Washinton suka zaɓi Greenwich da ke Landan ya zama mafarin lissafin lokacin duniya. Ciniki ne da gudun karon jirage.

Maman Sadiq: To su waye suka fi yawa a zauren? Kai da bakinka ka kawo min hujja.

Ɗan Lissafi: Anti, har Japan da Daular Usmaniyya sun halarta.

Malam Mai Alƙalami: Kun bar asalin magana. Ni dai mallaka ce ban yarda da ita ba.

Baban Yara: John Mbiti, masanin addinai da falsafar Afirka fa? Ba Bature ba ne, ɗan Kenya ne, kuma a 1969 ya rubuta cewa a tunanin gargajiyar Afirka akwai dogon baya da yanzu, amma gaba mai nisa kusan babu ita. Da kalmomin Sawahili ya kira yanzu sasa, baya kuma zamani. In ɗan gida ya faɗa, me ya rage?

Ummu Khairi: Baba, da harsuna biyu ya kafa hujja, Kikamba da Gikuyu, ya yi wa nahiya guda hukunci. Kwame Gyekye na Gana ya mayar masa da martani da harshen Akan, ya nuna suna maganar gaba sarai. Manomin da ya ajiye iri don baɗi, wa zai ce bai san gaba ba?

Malam Mai Alƙalami: Kuma zamani kalmar Larabci ce, Sawahili ara ya yi. Limamin coci ne fa shi Mbitin.

Baban Yara: Malam, me ya kawo coci a nan? Kullum in hujja ta ƙare maka sai ka koma addinin mutum.

Malam Mai Alƙalami: Ni hujja ta ƙare wa? Ibn al-Shatir, mai tsare lokutan salla a Masallacin Umayya na Dimashƙa a ƙarni na 14, shi ma Bature ne? Al-Jazari da ya bayyana agogon giwa a 1206 fa? Ka je ka yi karatu, Alhaji.

Baban Yara: Ban ce ka koya min karatu ba. Na girme ka nesa ba kusa ba.

Ɗan Lissafi: Ku yi haƙuri iyayena. Abin da ya fi damuna shi ne a 2020 gidan tarihin baƙar fatan Amurka na Smithsonian ya wallafa wani jadawali da ya sa tsananin bin lokaci cikin alamomin al'adar fararen fata. Da mutane suka yi caa, aka cire shi. Irin wannan ai makami ne a hannun mai ƙin ɗaukar baƙi aiki. Kuma masanin tarihi E. P. Thompson ya nuna tun 1967 cewa su kansu leburorin Ingila sai da aka sa musu ƙararrawa da tara kafin suka saba da agogon masana'anta. Litinin ma da yawansu ba sa fita aiki. Horo ne, ba jini ba.

Maman Sadiq: Wa ya ce jini? Babu wanda ya ce jini. Kullum sai ku sa wa mace magana a baki. Da namiji ne ya yi jawabin da tuni kun ce hikima ce.

Ummu Khairi: Anti, ni mace ce kuma ban gamsu da ita ba.

Maman Sadiq: Ke ai duk inda Ɗan Lissafi ya tsaya nan kike tsayawa, kowa ya sani.

Ummu Khairi: Allah ya isa tsakanina da wannan ƙazafin.

Abu Hanan: Jama'a ni fa tambayata ita ce ko malamin ya kyauta da ya hana ni magana.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da aka cimma: Malam ya tabbatar da nassi cewa babu mai mallakar lokaci sai Allah, kuma ya nuna Musulmi sun daɗe suna ƙididdige shi. Maganar farfesar ta faɗi, ta Mbiti ma haka. Ɗan Lissafi ya kawo wasu shekaru, mun gode. Hajiya ta ɗauki zafi, muna roƙon ta janye abin da ta faɗa wa Ummu. Baban Yara kuma a riƙa girmama malamai.

Maman Sadiq: Shugaba, shekara ɗarin da na kawo fa? Ko ambatonta ba ka yi ba. Ba zan janye komai ba sai ka gyara.