Fujer ɗina na ƙonewa alhali tana cikin inuwa

Maman Hafsat, Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da damina ƙanwata ta kawo mini shukar nan daga Ngaundare, mai dogayen ganye kamar gashin tsuntsu, wadda masu sayar da fulawa ke ce wa fujer. Aka ce ba ta son rana, sai na dasa ta a ƙasa, gindin darbejiyar tsakar gida. Har watan 10 lafiya lau, gwanin sha'awa. Tunda hunturu ya shigo, bakin ganyen ya fara ƙonewa yana zubewa, alhali safe da yamma ina ba ta ruwa. Na kuma ga wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a bayan ganye, na ce ƙwari ne, na yanke duk wanda na gansu a kai. Yanzu maigidan ya ce in zuba mata ragowar takin auduga. In zuba?

Baba Mai Lambu, bakin Binuwai:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ajiye takin nan tukuna. Saiwar fujer siririya ce kamar zare, takin zamani mai ƙarfi ƙona ta zai yi, balle tana cikin wahala.

Ɗige-ɗigen da kika yanke, in a jere suke reras a bayan ganye kaɗai, ba ƙwari ba ne, irinta ne. Fujer ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Wata ƙura ce ke nuna a cikin ɗigon nan, iska ta kwashe ta. Wato lafiyayyun ganyen kika sa wa almakashi. Ƙwaron da ke kama da shi a warwatse yake, har kan kara, yana sa ganye danƙo, kuma farce na ɓamɓare shi.

Ainihin ciwon iska ce. Ngaundare kan tudu take, sama da mita 1,000, ga sanyi ga raɓa. Kin sauko da ita kwarin Garwa, inda wanki ke bushewa kafin a gama shanya. Ko kin cika ƙasa da ruwa, iskar hunturu na tsotse ganyen fiye da yadda saiwa ke iya kai masa. Ga kuma darbejiya, uwar kwaɗayi: rabin ruwan da kike zubawa ita kike shayarwa. Ki tono ta da ƙasarta, ki sa a tukunyar ƙasa mai huda a gindi. Ki haɗa ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi da tsohon takin shanu wanda ya zama gari. Ɗanye ko mai karmami gara zai kira miki. Sai ki kai ta lungun da katanga ta tare iskar gabas.

Goggon Domayo, Marwa:
Ni dai sau biyu na gwada, sau biyu watan 4 ya cinye mini. Na haƙura na koma shuka zabuwa da lalle. In ba ki da lokacin renonta kamar jinjiri, kada ki wahalar da kanki.

Abban Sadiq, Njamena:
Goggo, ai zafinmu bai gaza naku ba, amma tawa ta shekara uku. Dabarar tukunya biyu na yi: ƙarama a cikin babba, tsakaninsu yashi, kullum ina jiƙa yashin. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka saiwar ke samun sanyi. Kuma kusa da randunan gida na ajiye ta, wurin da ƙasa ba ta rabuwa da laima, na kewaye ta da sauran tukwanen shuka. Fesa wa ganye ruwa kuwa, ban ga amfaninsa sosai ba, minti kaɗan ya bushe.

Maman Hafsat:
Wayyo, ashe da hannuna na yi ɓarna! Baba, ganye huɗu kacal suka rage. Za ta tashi kuwa?

Baba Mai Lambu:
Buɗa tsakiyarta ki duba. In kin ga ƙananan toho a naɗe kamar gammo, tana da rai. Busassun ki yanke su daga tushe, masu sauran kore ki bar su ko sun yi muni. Safe da yamma ɗin nan ma ki daina bi da ƙa'ida: ki tura yatsa, in saman ƙasar ya fara shan iska ki ba ta, in da laima ki bari, don caɓi na ruɓar da saiwa. In kika ga fari-fari kamar kanwa a bakin tukunya, gishirin ruwa ne, ki kwarara mata ruwa har ya fita ta hudar. In kuma kina son raba tushenta don ki sami wata shukar, sai ruwan watan 6 ya zauna.

Yaya Asabe, Baladji, Ngaundare:
Ikon Allah, abin da mu nan ke fitowa da kansa a bakin rafi shi ake yi wa tukunya biyu. Maman Hafsat, in ta ƙi, ki yi magana, in damina ta faɗi in ba direba wata ya sauko miki da ita. Ki dai yi hattara da awaki.

Maman Hafsat:
Na duba, toho biyu na gani a naɗe. Na aiki Hafsat kasuwa sayen tukwane. Takin kuma na mayar wa mai shi, ya kai gonarsa. Allah ya saka da alheri.