Me za mu kira "homologation" da Hausa?

'Yan uwa masu aikin warsha a Jidda da Makka, a taimaka da kalma. Tun da tseren motoci na Dakar ya zo nan Saudiyya a 2020, aka ƙara masa rukunin tsofaffin motoci a 2021, hirar haɗa injin tsohuwar motar tsere ta yawaita a bakinmu, kuma duk inda hirar ta je sai ta ci karo da wannan kalma mai wuyar faɗa.

Ga abin da take nufi. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ba ta barin mota ta shiga rukunin motocin kasuwa sai kamfanin ya nuna ya ƙera adadin da aka gindaya. Daga nan a rubuta komai a takarda: faɗin silinda, tafiyar fistin, girman bawul, irin kafireto, nauyin mota. Mai haɗa injin irin wannan mota yau don tseren tsofaffi, a ƙarƙashin dokar da suke kira Appendix K, takardar nan ce alƙalinsa. Wannan ba taudibin da muka saba ba ne, wato kwance inji a sake haɗa shi, inda in kayan zamani sun fi ƙarfi sai ka ɗaura abinka. In motar da kafireto ta yi tsere a zamaninta, da shi za ta fito, ko da kana da na'urar feshin mai ta kwamfuta a ajiye.

Wani ɗan uwa daga Makka ya ce a ce "rajista" a huta. Ban yarda ba. Duk wanda ya ji rajistar mota a nan, istimara (katin rajistar mota) zai tuna, da lamba da fahas (binciken lafiyar mota). Waɗannan na mota ɗaya ne da mai ita. Abin da muke magana a kai na samfurin ne gaba ɗaya.

"Amincewa" ta fi kusa, amma ta yi faɗi. Uban amarya ma amincewa yake yi.

Wadda ta fi jan hankalin mutane ita ce "shaidar asali", kuma Baba, wanda ya girme mu duka a sana'ar, ita ya zaɓa. Baba, a gafarce ni, a nan zan ja da kai. Asali a Hausa tushe ne, wane ya haife ka. Ita kuwa FIA, ko fasfon da take ba kowace tsohuwar mota, mai aiki shekara 10, ba ya shaida cewa motar ita ce ainihin wadda ta yi tsere a da. Iyakarsa ya ce yadda aka haɗa ta ya dace da na zamaninta. In muka sa "asali", gobe dillali zai ɗaga takarda ya ce wa mai saye hukuma ta tabbatar motar ta gado ce, ya ninka kuɗi.

Kuma ita kanta takardar samfurin ba kullum take faɗin gaskiya tsantsa ba. Ferrari 250 GTO ta 1962, mai silinda 12 da kafireto Weber 6, harafin O na sunanta daga wannan kalmar yake a Italiyanci. Doka ta ce a ƙera 100, Ferrari ya ƙera 36, ya ce ai gyaran tsohuwar 250 GT ce, aka karɓa. Porsche kuwa doka ta nemi 500 na Carrera RS ta 1973, mutane suka yi rububi har aka wuce 1,500.

Ni dai ina kan "shaidar ƙira". Ƙira ta ɗauki yadda aka yi abu da siffarsa, tun daga maƙera har kamfani, kuma ba ta yi alkawarin tarihi ba. Ku gwada ta a baki: "Bawul ɗin nan ba ya cikin shaidar ƙira." "Duba shaidar ƙira kafin ka kai bulok ɗin inji wurin mai haraɗa, mai injin gogar ƙarfe, kada ya ci silinda fiye da ƙa'ida." Yaron warsha zai gane ba sai an yi masa tafsiri ba. Takardar mota ɗaya kuma mu bar ta a fasfo.

Malam, na ga gyaranka cewa kalmar Turancin aiki ce, tawa kuwa sunan takarda. Gaskiya ne. Don aikin sai mu ce "an shaida ƙirarta", ko "ba a shaida ƙirar wannan kan silinda ba". Baba ya ce zai yi amfani da "shaidar ƙira", amma bai sauka daga kan tasa ba.