Wace kalma za mu sa wa "alerte précoce"?

'Yan'uwa ma'aikatan rediyo da masu rubuta saƙonnin salula, damina na tafe, har yanzu kowa na juya "alerte précoce", wato sanar da jama'a haɗari tun kafin ya iso, yadda ya ga dama. Wani ya ce gargaɗin farko, wani kashedi, wani ya bar ta da Faransanci ya wuce. Ya kamata mu tsayar da ɗaya.

A nan Yamai ana auna kogin Isa da santimita. In ya kai 580 an shiga matakin haɗari mai launin ruwan goro, in ya kai 620 an shiga ja. A Satumbar 2020 sai da ya taɓa 700, ruwa ya ci gidaje a unguwannin Saga da Lamorde da Kirkisoye. Masu awo suna ganin lambar tana hawa a kwamfuta, amma lamba ba ta tayar da tsohuwa daga tabarma, sai ta zama maganar da ta shiga kunnenta.

Kashedi dai a ajiye shi, mai laifi ake yi wa. Gargaɗin farko ya fi damuna: wanda ya ji "farko" zai zauna jiran na biyu, alhali ambaliya ba ta aiko da na biyu.

Wata 'yar'uwa daga Tawa ta kawo "yekuwa". Hajiya, kalmar na da daɗi, sai dai ta yi faɗi. Allurar shan inna yekuwa ce, ganin wata ma haka. "Kuwwa" kuwa sai gobara ta riga ta kama.

Ni "ankararwa" na zaɓa, in ana son cikawa a ce "ankararwa tun da wuri". Ba zargi a cikinta, kuma tana aikatuwa: an ankarar da mu, ku ankarar da maƙwabta. Tana ɗaukar fari da farin dango kamar yadda take ɗaukar ruwa.

Ku gwada ta da baki, tunda yawancin mutanenmu saƙon murya na WhatsApp da rediyon karkara suke saurara: "Ankararwa ja. Kogi ya wuce 620. Mutanen Saga, ku kwashe yara da hatsi zuwa tudu yau."

Masu jin Zabarmanci, ku kawo mana takwararta, don saƙon bakin kogi da harsunan biyu zai fita.