Madubin hangen nesa don duban wata: wanne za mu saya?

Malam Isiyaku, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Jama'ar masallacinmu sun tara kuɗi a sayi madubin hangen nesa mai ido biyu domin duban jinjirin wata. An nuna mini guda biyu a kasuwa. Ɗaya an rubuta 10x50 a jikinsa, ɗayan 60x60, gilashinsa ja wur, kuma ya fi araha. Mai kanti ya ce na biyun ya fi jawo abu kusa. Kuɗin jama'a ne, shi ya sa nake neman shawararku.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam. Malam, ka bar mai 60 ɗin nan inda ka gan shi. Lambar farko tana nuna sau nawa yake ƙara girman abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ce a milimita. Da zarar an wuce 10 ko 12, rawar hannu kaɗai ta isa ta hana ka ganin komai, sai an ɗora shi kan ƙafa uku. Yawancin masu irin wannan rubutun ma lambar ƙarya ce, in ka sa ruwula a gilashin gaba ba zai kai 60 ba.

Malama Rabi, Unguwar Rimi:
Bari in ƙara a kan na Injiniya, don ina koyar da wannan a aji. Ku raba lamba ta biyu da ta farko, shi ne faɗin hasken da ke shiga idonku. 10x50 yana ba da milimita 5. Wancan, ko da rubutunsa gaskiya ne, milimita 1 kacal zai bayar, ka ga da magariba duhu za ka gani. Kuma gwajin ba shi da wuya: ka miƙe hannu da madubin, ka fuskanci sarari, ka kalli ɗigon hasken da ke cikin gilashin ido. In ya fito da'ira tsaf, to gilashin da ke cikin madubin mai kyau ne, irin wanda ake rubuta wa BaK-4. In ka ga gefunansa sun dusashe kamar an yanke shi kusurwa huɗu, mai araha ne, BK-7. Jan gilashin kuwa ado ne kawai, yana tare wani ɓangare na hasken, hoto ya koma kore-kore. Shafe mai kyau, wato abin da ake shafa wa gilashi don kada ya mayar da haske, ba ya ƙyalli sosai, in ka karkata shi sai ka ga ɗan kore ko shunayya mai duhu. Gilashin da ba a shafa masa komai ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuska, ga shi fuskokin da ke ciki suna da yawa.

Abdul Kawo:
Ni dai 7x50 zan ce. Haskensa ya kai milimita 7, shi masu jirgin ruwa ke amfani da shi.

Malama Rabi:
Abdul, ƙwayar ido ba ta buɗewa zuwa 7 sai a duhu sosai, kuma a idon matashi. Dattawa da yawa nasu ba ya wuce 5. Lokacin duban wata yamma ba ta gama duhu ba, sauran hasken zai tafi a banza. 10x50 ya fi dacewa da su Malam.

Baba Maharbi, Rigasa:
Yaran nan kun iya lissafi, Allah ya ƙara basira. Ni abin da zan ce wa Malam shi ne kada ya yi ciniki da rana tsaka. Da rana kowane madubi gwani ne. Ka koma bayan la'asar sakaliya, ka roƙi mai kanti ku fito waje. Ka sami wayar wuta ko ƙarfen sabis da ke nesa ka kalla. Madubi maras kyau zai yi wa bakin wayar zane shuɗi ko ja. Sannan ka matsar da wayar daga tsakiya zuwa gefe, ka ga ko ta ci gaba da fitowa tar ko ta dagule. Haka muke gwada madubin kan bindiga mu masu lasisin farauta, sai dai shi ana so ya yi nesa da ido kamar yatsu huɗu, don kada ya fasa wa mutum gira in ta yi tsalle.

Garba mai gyaran kyamara:
Gaskiya Baba. Abin da ya fi kawo mini aiki shi ne idanun madubin biyu su saɓa. Ka kalli abu ɗaya na minti guda, in ka ji ido na ja ko kai ya fara sarawa, ko abin ya rabu biyu, ajiye shi. Gyaransa sai da na'ura. In na hannu za ku saya, ka haska tocilan ta gilashin gaba. Fumfuna tana fitowa kamar yanar gizo, damina ce ke haifar da ita, kuma in ta daɗe cin shafen take yi. Ku nemi wanda aka rufe ruf aka cika da iskar naitirojin, ba ya yin raɓa a ciki. Kamfanonin Nikon, Celestron da Bushnell duk suna da na talaka masu kyau, amma ana jabunsu, a karɓi rasit da sharaɗin mayarwa. Zeiss da Swarovski sun fi, sai dai kuɗinsu ya wuce abin da ake bukata a nan.

Malam Isiyaku:
Allah ya saka da alheri. Liman yana sa tabarau, zai iya amfani da shi?

Injiniya Bala:
Zai iya, in tazarar ido, wato nisan da ido zai yi da gilashin kuma ya ga hoto cikakke, ta kai milimita 15 ko fiye, kuma robar bakin tana naɗewa. Ku tafi da shi ya gwada da tabarau ɗinsa. Kuma don Allah ku ja kunnen kowa, musamman yara: kada a ɗaga shi wajen yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Kallon rana da shi yana ƙona ido nan take.

Garba:
Malam, lokacin hazo kada a goge gilashin da bakin riga, ƙurar na kartar shafen. A hure ta tukuna da 'yar robar busa iska, sannan a sa ƙyalle mai laushi. Ranar da za ku je ka yi mini magana, shagona ba nisa, sai in zo da tocilan.