Me ya sa wasu tsirrai ke jure ƙasa mai gishiri?

Manomin rani: Assalamu alaikum. Me ya sa dabino ke rayuwa a ƙasa mai gishiri, alhali wake yana ƙonewa ko da an ba shi ruwa?

Malamin gona: Wa alaikumus salam. Gishiri yana riƙe ruwan ƙasa har saiwa ta kasa tsotsa, sannan sodiyam, wani sinadari da ke cikin gishiri, yana hana shuka samun fotasiyam, sinadarin da take buƙata don girma. Masu juriya, irin su dabino da sha'ir, saiwarsu tana tace yawancin sodiyam, wanda ya shige kuwa sai su killace shi a wani sashe na ƙwayoyin halittarsu.

Dattijo: Gaskiya ne, Malam, amma ko dabinon yakan rage 'ya'ya idan gishirin ya yi yawa, musamman inda ruwa ke kwanciya.