Wasu rassan ba sa fitowa a taswirar shagunan da ke shafin, ina matsalar take?

dan_sabon_titi:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar WordPress, manhajar haɗa shafin intanet, ku taimaka min. Na haɗa wa wani kamfanin kayan sola shafi, suna da rassa 18 a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Funtuwa, har da guda biyu a Nijar, ɗaya Maradi ɗaya Damagaram. Akwai shafin "nemo shagonmu mafi kusa" da na saka wa fulogin (ƙarin manhaja) mai suna WP Store Locator da taswirar Google. To matsalar ita ce 11 kawai ke fitowa, sauran babu su babu alamarsu, alhali in na shiga ciki duk suna nan a jere da adireshinsu. Wani abin kuma, reshen Sharaɗa da na Kurna alamarsu ta hau kan juna a tsakiyar gari, ga wani na Kano da na hango shi can jihar Adamawa. Alhajin mai kamfanin ya kira ni yau da safe wai kwastoma ya je inda taswira ta nuna bai ga komai ba sai masu faci, wallahi abin ya dame ni sosai. Me zan duba?

MaiSabar:

Wa alaikumus salam. Malam abin da ka lissafo matsala uku ne daban daban, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da waɗanda ba sa fitowa sam. Buɗe kowane reshe a ciki ka duba akwatin latitud da lonjitud, in babu komai a ciki to shi ke nan an gano. Taswira ba ta karanta adireshi, lambobi kawai ta sani. Lokacin da ka danna adanawa fulogin ɗin yana tura adireshin ga Geocoding API na Google ya dawo da lambobin, in hakan bai yiwu ba reshen zai zauna a jerinka amma ba zai taɓa hawa taswira ba. Wannan fulogin makullin API biyu yake so, wato lambobin izinin da Google ke bayarwa, na burawuza da na sabar. Na burawuza shi ake ɗaure wa sunan shafi, na sabar kuwa in ka ɗaure shi haka zai ba ka REQUEST_DENIED, wato Google ya ƙi buƙatar, da adireshin IP ake ɗaure shi. Sannan ka tabbatar an kunna Geocoding API ɗin shi kansa, dan kunna Maps JavaScript API, mai nuna taswirar, bai isa ba, kuma tun 2018 sai akwai asusun biyan kuɗi mai kati a haɗe ko da ba za ka wuce kason kyauta ba. Mutane da yawa a nan katin naira ne ke ba su matsala, katin ya ƙi, asusun ya tsaya, rassan da aka saka da farko suna nan lafiya tunda sun riga sun samu lambobinsu, sababbin ne ba sa samu.

Ka kuma leƙa saitin nisa. Yadda yake zuwa kilomita 50 ne da sakamako 25, to wanda ya buɗe daga Kano ba zai ga Katsina ko Zariya ba tunda duk sun haura kilomita 100. Ƙara nisan ko ka sa ya loda duka tun farko.

Uwar_Hanan:

Duk abin da Malam MaiSabar ya faɗa haka ne, amma ni a ganina ko ka gyara makullan tsaf ba ka gama ba, asalin ciwon a adireshinmu yake. Dan Allah duba abin da aka rubuta maka, na san ba zai wuce irin "bayan masallacin Juma'a, kusa da gidan mai, daura da mai shayi" ba. Ɗan acaɓa ko mai adaidaita zai kai ka nan ido rufe, amma na'ura in ta karanta abin da ta gane kawai shi ne Kano, sai ta ɗauki alamar ta dasa a tsakiyar gari. Shi ya sa Sharaɗa da Kurna suka hau kan juna, ba ɓata suka yi ba, ɗaya ce ta rufe ɗaya. In ma ba ta gane komai ba ta dawo da ZERO_RESULTS, wato ba ta samu komai ba.

Ni na daina barin na'ura ta yi min hasashe gaba ɗaya. Abin da nake yi, manajan kowane reshe ya fito waje ya tsaya a bakin ƙofar shagon, ba a cikin sito ƙarƙashin kwano ba dan GPS yana yawo a can, ya kunna lokeshin ya ɗan jira shuɗin ɗigon ya daina rawa sannan ya turo min ta WhatsApp. In na buɗe a Google Maps na danna wurin na riƙe, lambobin za su fito a sama, a kwamfuta kuma danna ɓangaren dama na linzami su ne layin farko. Sai na juya zuwa hoton tauraron ɗan adam na ga da idona ko alamar a kan rufin shagon take ko a tsallaken titi, sannan na zuba su da hannu. Kar ka yanke lambobin, ka bar aƙalla biyar bayan ɗigo, wannan kusan mita ɗaya ne. In ka bar biyu kawai kuskuren ya kai kilomita ɗaya, a wuri irin Sabon Gari kuwa wanda ya ɓata da kilomita ɗaya ai ya koma gida kawai.

Kuma ka tuna mutumin da ya taso daga ƙauye da batir ɗin da ya lalace a bayan babur, ya ƙona mai da tsadar nan, shi ne wannan kuskuren ke faɗa wa a kai. Rassa 18 ai aikin yini ɗaya ne in manajojin sun ba da haɗin kai.

Na Adamawan nan kuwa, a Ganye ka gan shi ko? Juya lambobin aka yi. Kano tana wajen 12.0 arewa da 8.5 gabas, in aka sa 8.5 a gidan latitud 12.0 a gidan lonjitud to kusa da Ganye zai faɗa. Yawanci daga fayil ɗin taswira irin KML ko GeoJSON yake zuwa dan su lonjitud suke fara rubutawa. In kuma wata rana ka ga shago a cikin teku kudu da Ghana, sifili da sifili ne aka adana.

Badamagare:

Sannunku da aiki. Bari in ƙara a kan na wajenmu. In daga nan Nijar aka turo maka jerin a Excel ka buɗe shi da kyau, kwamfutocinmu a tsarin Faransanci suke, waƙafi muke sakawa a madadin ɗigo, wato 13,80 maimakon 13.80, in aka mai da shi CSV, fayil ɗin da waƙafi ke raba gidajensa, sai lambar ta rabe gida biyu ko a ƙi karɓarta. Kuma a taswira Zinder za ka rubuta, Damagaram a bakinmu ne. Sai ka duba ko ka kulle bincike a Najeriya kaɗai a saitin yanki, lambar ƙasarku NG tamu NE, in an kulle to wanda ya rubuta Maradi ba zai samu komai ba.

dan_sabon_titi:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya wallahi Ganye ce, kamar kina kallon allon nawa, na juya lambobin ya dawo gida. Na duba sauran, biyar akwatinsu fayau ba lambobi, na Nijar biyun kuma waƙafin ne kamar yadda ɗan'uwa ya ce. Na tura saƙo a guruf ɗin manajoji, lokeshin sun fara shigowa ina zubawa. Sai dai na gyara Funtuwa ɗazu amma a wayata har yanzu bai fito ba, akwai abin da ya rage ne?

MaiSabar:

Tsohon sakamako ne yake nuna maka. Je saitin fulogin ɗin can ƙasa wajen Tools akwai maɓallin share transient cache, wato tsohon sakamakon da ya adana, danna shi, in kana da fulogin na saurin shafi ko Cloudflare su ma ka share nasu, sannan ka gwada a burawuzar da ba ka shiga da asusunka ba. Ka kuma tabbatar reshen an wallafa shi ba a daftari yake ba. In har yanzu bai fito ba danna F12 a kwamfuta ka kwafo mana jan rubutun da ke cikin Console, amma ka goge makullin API ɗin kafin ka liƙa a nan.