'Yan tsakina suna mutuwa da daddare, na rasa gane dalili

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kaji. Don Allah ku taimaka mini da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Kwana 9 ke nan da na sayo 'yan tsaki 50 'yan kwana ɗaya, irin na nama. Na ajiye su a wani ɗaki a bayan gida, na shimfiɗa musu diddigar katako, na ba su ruwan gulukos da bitamin ranar farko, abincinsu kuma na 'yan tsaki ne na buhu. Kwana huɗun farko lafiya lau. Daga nan sai kowace asuba in tarar da biyu ko uku sun mutu, yanzu saura 38.

Da rana suna ci suna sha. Da dare ne suke cunkushewa a lungu ɗaya suna ta ciyak-ciyak, matattun ma yawanci a ƙarƙashin sauran nake tsintar su. Wasu kuma farin kashi ya manne musu a baya. Sanyin hunturun nan ya sa nake kunna musu gawayi a kasko in toshe taga da buhu, tunda wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce. Maƙwabcina ya ce hayaƙin ne ke shaƙe su, ni kuwa ina tsoron in buɗe taga sanyi ya ƙarasa su.

To sanyi ne, hayaƙi ne, ko cuta? Kuma rigakafin Gumboro, wato cutar nan mai kama ƙananan kaji, da lokacinsa ya kusa, in ba su a wannan hali ko in dakata?